Kurakuran da Aka Fi Yi a Girki da Cin Abinci, da Yadda Ake Gyara Su Ba a Rasa Gardi Ba

Idan likita ya ce wa magidanci ya gyara cin abincinsa, abin da yakan fara faɗo masa a rai shi ne miya lami, ko kuma tuffa da inabi da sauran kayan da sai mai hali yake saye. Wannan zato shi ne kuskure na farko, kuma shi ne yake hana mutane da yawa ko da fara gyaran. Tuwon dawa da miyar kuka, dambun zogale, faten wake, fura da nono, babu wanda ba abinci ne mai gina jiki ba a cikinsu. Inda matsala take shi ne yawan abin da ake zubawa a tukunya, da daɗewar da take yi a kan wuta, da yadda ake rabo idan an sauke.

Babban kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne na gishiri, kuma na fi damuwa da shi domin ɓoye kansa yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba zai ci a yini guda ya kai giram 5, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Uwargida takan ce ita ba ta cika gishiri a miya, kuma gaskiya ta faɗa, amma ba ta lissafa dunƙulen magi shida ko takwas da ta marmasa a ciki, alhali kusan rabin nauyin kowane dunƙule gishiri ne. Ga yajin da ake barbaɗawa a kan shinkafa da wake, wanda shi ma da gishiri da dunƙule aka daka shi. Ga burodin safe. Ga ƙullin sinadarin da ke cikin taliyar yara ta leda. Idan aka tara waɗannan, mutum yakan wuce ƙa'ida tun kafin la'asar ba tare da ya ji abincin ya yi masa gishiri ba. Abin da yake biyo baya a hankali shi ne hawan jini, wanda yakan yi shekaru bai nuna alama ba har sai ya taɓa ƙoda ko zuciya, ko ya kai ga shanyewar ɓarin jiki.

Ba a gyara wannan ta hanyar janye gishiri gaba ɗaya a rana guda, domin mutanen gida za su ture kwano, a koma gidan jiya. A riƙa rage dunƙule ɗaya bayan 'yan kwanaki, harshe zai saba cikin makonni kaɗan, har ya zamana abincin da ake ci a da ya fara yi wa mutum zartsi. Gurbin da aka bari kuwa akwai masu cike shi tun kafin dunƙule ya shigo ƙasar nan: daddawar kalwa mai kyau, da busasshen kifi da aka daka, da albasa wadda aka bari ta yi laushi a ɗan mai, da tafarnuwa, citta, masoro, kimba da kanumfari. Ɗan tsami ma yana tayar da ɗanɗano, shi ya sa miyar yakuwa ko kwaɗon da aka matsa wa lemun tsami ba su neman gishiri mai yawa. Ɗan gishirin da za a saka kuma ya kasance mai sinadarin ayodin, wanda yake kare mutum daga maƙoƙo, a adana shi a mazubi mai murfi nesa da murhu.

Kanwa 'yar'uwar gishiri ce a wannan lissafi, domin sinadarin da ke ɗaga jini a cikin gishiri yana cikinta ita ma. Ana jefa ta a wake don ya yi saurin nuna, a kuɓewa don ta yi yauƙi, a ganye don ya tsaya da korensa, amma tana lalata wani kaso na bitamin da ke cikin abincin. Waken da aka jiƙa tun dare ba ya buƙatar kanwa, kuma ba ya cin itace ko gas da yawa. Inda abin ya fi tsanani shi ne kunun kanwa na masu jego. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shansa, tare da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da ciwon zuciya da kumburin jiki da ke kama mata bayan haihuwa. Iyayenmu da kakanninmu alheri suke nufi da wannan al'ada, amma mai jego ta fi buƙatar kunun gyaɗa, wake, ƙwai, hanta da ganye, musamman idan jininta ya taɓa hawa lokacin goyon ciki.

Daga nan sai mai. Mutane da yawa sun ɗauka miyar da mai bai taso ya kwanta a kanta ba miyar rowa ce, don haka ake tuttula ludayi biyu inda rabin ludayi ya isa. A auna mai da cokali maimakon a karkata galan a kan tukunya, a kuma kwashe wanda ya taso kafin a zuba wa mutane. Manja yana ɗauke da sinadarin da jiki yake mayarwa bitamin A, wanda yake kare ido daga dundumi, kuma jan launin nan shi ne shaidarsa. Duk wadda ta bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari ta ƙone amfanin da ta saya da kuɗinta. Man da aka soya ƙosai ko awara a cikinsa sau da yawa har ya yi baƙi ya yi kauri, zubarwa ya kamace shi. Kifi da kaza kuwa ba dole ne kullum su bi ta kasko ba, domin gashi da farfesu suna fitar da daɗinsu.

Ganye muna da shi, Allah ya hore mana: zogale, rama, alayyahu, lalo, tafasa, yakuwa, karkashi. Sai dai yadda ake dafa shi ne yake tauye shi. Ana yanka alayyahu sannan a wanke shi, a tafasa shi ya daɗe, a tsiyaye ruwan a zubar, a sake zuba shi cikin miya ya ƙara rabin sa'a. Bitamin C da wasu daga cikin dangin bitamin B suna narkewa a ruwa kuma ba su jure zafi, don haka da ruwan suke tafiya. A wanke ganye kafin a yanka shi, a zuba shi a miya dab da saukewa, a rufe na 'yan mintuna. Wanda yake da ɗaci ko tsami sosai, irin su rama, a taƙaita tafasa shi gwargwadon abin da zai sa ya ciwu. Kuka da zogalen da za a busar, a shanya su a inuwa, domin rana tana cinye korensu da amfaninsu tare. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son kowane babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a yini, kuma gwanda, gwaiba, mangwaro, kankana, goruba, kanya da ɗinya duk sun shiga wannan lissafi idan lokacinsu ya yi.

Rabon kwano ma yana da nasa kuskuren, inda za ka ga malmala uku ta tuwo da 'yar miya a gefe, ko tulin farar shinkafa da ɗigon mai da yaji. Gara a rage malmala guda a ƙara miya mai ganye da wake ko kifi. A kuma sassauta surfe, domin dusar da ake fitarwa a ba dabbobi tana ɗauke da harza da bitamin, kuma tuwon gero, dawa ko acca da ba a cika surfa su ba sun fi riƙe ciki, ba su kuma ɗaga sukarin jini da sauri kamar farin garin da aka tace.

Sukari kuwa a cikin abin sha yake shigowa. Ƙa'idar da hukumar ta bayar ita ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a yini, wajen ƙananan cokula 12, kuma rabin haka ya fi alheri. Kwalbar lemo guda mai santilita 50 tana iya cinye wannan kason gaba ɗaya, kafin a zo kan shayi mai madarar gwangwani, da koko, da zoɓon da aka cika wa sukari har tsaminsa ya ɓace. Zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba yana da daɗi da rabin sukarin da aka saba zubawa. Masu komawa ga zuma ko mazarƙwaila su sani cewa jiki yana karɓar su kusan yadda yake karɓar sukari, don haka su ma da awo ake shan su, balle ga mai ciwon suga. Shan baƙin shayi a kan abinci kuma yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki zai tsotsa daga wake da ganye, abin da ya shafi mata masu ciki da masu fama da ƙarancin jini. A jinkirta shi da kamar sa'a guda, a ci lemun zaƙi ko tumatir tare da abincin.

Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna saboda danshi suna ɗauke da guba mai lahanta hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta, don haka a tsince ruɓaɓɓun a zubar maimakon a kai su niƙa don ƙuli-ƙuli. Madarar shanu kuma a tafasa ta kafin a kwantar da ita ta zama kindirmo.

Kuskuren da ya fi taɓa mini zuciya shi ne wanda ake yi wa ƙananan yara. Jariri nonon uwa kaɗai yake buƙata har ya cika wata 6, ba ruwa ba jiƙo, kuma ba a ba shi zuma sai ya shekara. Kuskuren shi ne bayan wata shida akan fara ba shi kunu tsululu na zallar gasara, wanda yake cika masa ɗan cikinsa ba tare da ya gina shi ba, yayin da tsokar nama da kan kifi suke tafiya kwanon maigida. Kunun yaro ya yi kaurin da zai tsaya a cokali, a haɗa gero da soyayyen waken suya da gyaɗa a niƙa tare, a riƙa ƙara masa dafaffen ƙwai, garin kifi, kabewa ko ɗan garin zogale. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai don a ga abin da ya ci, domin idan ya sa hannu tare da yayyensa su za su cinye kafin ya kai loma ta uku.