Fitilar mota ta dushe? Kurakuran da aka fi yi wajen wayarin

Duk direban da ya taɓa gangara Hawan Kibo da daddare cikin hazo ya san darajar fitila. Amma da haske ya dushe, sai ka ga mutum ya garzaya Dilimi, kasuwar kayan mota a Jos, ya sayo ƙwai mai wat 100, ya cire mai wat 55. Kuskuren farko ke nan. Wayar da ta kasa ciyar da ƙaramin ƙwai, ina za ta iya da babba? Ƙarshenta soket ya narke.

Yawanci wutar a hanya take zubewa. Idan inji na aiki, batir kan nuna volt 14 ko kusa da haka, amma a tsohuwar mota sai ta zagaya ta makunnin sitiyari da siririyar waya, ta iso wurin ƙwai a gajiye. Ƙwan halojin kuwa ba ya yafiya: ƙarfin wuta ya ragu da kashi 10 cikin ɗari, haske ya ragu da kusan kashi 30. Don haka kafin ka kashe ko sisi, a kunna fitila, a ɗora bakin mita ɗaya kan jan kan batir, ɗayan kan ƙafar ƙwai da wuta ke shiga. In ta nuna fiye da rabin volt, laifin waya ne.

Maganinsa rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, mai ƙafafu masu lamba. A jawo waya mai kauri, ko da milimita 2.5, kai tsaye daga batir zuwa ƙafa 30, daga 87 zuwa fitila. Tsohuwar wayar makunni ta shiga 86, ita kuma 85 ta kama bodi. Wasu masu wayarin, don sauri, sai su tsallake fiyus, ko su manna shi can kusa da fitila. A'a, a gindin batir yake zama. In waya ta goge da ƙarfe, shi zai hana gobara.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne sakaci da wayar da ke kama bodi. Na ga wata Golf a Farin Gada, an canja mata ƙwai har sau biyu, ashe tsatsa ce ta cinye ƙusar da ta ɗaure wayar a bodi, ka san daminar Jos. Aka kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, aka ɗaure, aka shafa giris, haske ya dawo.

Wani kuskuren kuma shi ne murɗa wayoyi biyu a naɗe da salatif. Ka ce wa oga mai wayarin ya sa dalma ko ya matse da kan waya, ko da zai ƙara maka ɗan kuɗin aiki.