Yadda ake ba doki 'ya'yan sanfulawa ba tare da an ɓata masa ciki ba

Mai son dokinsa ya fito hawan sallah jiki a murje, gashi na sheƙi, tun tsakiyar Sha'aban ya kamata ya fara shiri. Wanda ya bari sai goman ƙarshe na azumi sannan ya hau ɗura wa doki dawa ya makara, sau da yawa ma abin da yake samu shi ne kumburin ciki ko ciwon kofato. 'Ya'yan sanfulawa, wato tsiron nan mai faffaɗan fure ruwan ɗorawa, na cikin abubuwan da ke gyara jikin doki a hankali. Sai dai ƙari ne a kan abinci, kuma da awo ake ba da su.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai baƙi ƙanana masu siririn ɓawo, waɗanda ake matse mai da su, akwai kuma manya masu zane fari da baƙi da mutane ke ɓarewa su ci. Baƙin ne na doki. Mai ya kai kashi 40 cikin ɗari na nauyinsu ko ya ɗan haura, ga sinadarin gina jiki kusan kashi 16, ga bitamin E. Masu zanen kuwa ɓawonsu kauri ne da tauri, man kaɗan ne, kuma ɓawon kan taru a hanji ya kawo toshewa. Ka matse ƙwaya ɗaya tsakanin farce biyu a kan farar takarda: mai kyau za ta fashe nan take ta bar tabon mai.

Wajen saye a buɗe ido. Irin shuka da aka cuɗa da magani, wanda za ka gan shi ja ko shuɗi, guba ne, ko kyauta aka ba ka kada ya shiga barga. Haka soyayye mai gishiri na cikin leda. A zura hannu har tsakiyar buhu a ɗebo a sansana. In akwai warin fumfuna ko na tsohon mai, ko ƙwayoyin sun manne da juna, a bar wa mai shi kayansa. Doki ba ya amai, abin da ya shiga cikinsa sai ya bi hanji har ƙarshe, shi ya sa abin da akuya za ta ci ta kwana lafiya yake kayar da shi. A tambaya kuma ko an sa wa buhun maganin ƙwari a rumbu. In an kawo gida a sheƙe, a tsince tsakuwa da guntun waya.

Kafin awo, a san nauyin dokin. Yawancin dawakinmu na gida tsakanin kilo 300 ne zuwa 400, ba su kai manyan dawakin Turai da ake rubuta ma'auni dominsu ba, saboda haka kwafar awon ƙasashen waje kai tsaye kuskure ne. In babu sikeli, tef ɗin tela ya isa. A auna zagayen ƙirji daidai inda majayi ke zama, sannan tsawon jiki daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen gindi, duka da santimita. A ninka zagayen da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,880. Dokin da zagayensa 160 ne tsawonsa 150 zai ba da kilo 323 ko kusa da haka.

Ga irin wannan doki, ƙaramin gwangwanin madara shi ne mudunsa. Shafe ɗaya na ɗaukar giram 60 zuwa 70 na baƙin iri. Kwana huɗu na farko rabin gwangwani a rana, a cuɗa cikin dusar da aka yayyafa wa ruwa. Daga nan gwangwani ɗaya har mako ya cika. Mako na biyu gwangwani biyu, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Mako na uku a kai uku, a tsaya nan. Ingarman da ke aiki sosai, kamar na folo ko na sukuwa, zai iya kaiwa huɗu ko biyar, wato wajen giram 300, a rarrabe sau biyu ko uku. Dalilin wannan tafiyar hawainiya shi ne doki ba shi da matsarmama. Hantarsa na ɗiga ruwan da ke narkar da mai kaɗan-kaɗan ne kai tsaye cikin hanji, don haka in aka zuba masa mai da yawa lokaci guda sai ya wuce bai narke ba, ya je ya dagula ƙwayoyin halittar da ke narkar da ciyawa a babban hanji.

Kashinsa ne zai gaya maka gaskiya. Lafiyayye yana faɗowa curi-curi, ya ɗan fashe in ya taɓa ƙasa. In ya koma laɓe-laɓe kamar na saniya, ko yana ƙyallin maiƙo, an yi gaggawa; a koma awon baya har kwana biyar. In kuwa kana ganin ƙwayoyin sun fito ɗungurungum, kaji na bi suna tsincewa, to kajin kake kiwatawa. Dokin ba ya taunawa ke nan, ko don haɗama ko don turamen haƙoransa sun yi kaifi suna yankar kumatu. A kira likitan dabbobi ya goge su. Kafin nan a ɗan daddaka irin a turmi, ya fashe kawai, kada ya zama gari. Kuma a daka na kwana biyu kacal, domin a zafin Maris zuwa Mayu dakakken iri ba ya jimawa mansa ke juyawa.

Inda aka fi yin ɓarna a bargoginmu shi ne haɗa shi da dusa zalla. Sanfulawa na da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan. Dusa ma haka take, dawa da gero ma haka. Doki kuwa yana bukatar kalsiyam ya fi fosfaras yawa, kusan kashi biyu a kan ɗaya. In aka daɗe ana ba shi akasin haka, jikinsa zai riƙa zarar kalsiyam daga ƙashi. Sai ka ga ɗingishi yana yawo daga wannan ƙafa zuwa waccan ba rauni, can kuma ƙashin fuska ya kumbura tsakanin ido da hanci, haƙora su yi girgiɗi. Dukushi da goɗiya mai shayarwa su suka fi saurin kamuwa. Maganin na nan a hannunmu: harawar wake da ta gyaɗa cike suke da kalsiyam. Dokin kilo 350 na bukatar busasshen ci kilo 5 zuwa 7 a rana, ingirici da harawa haɗe, kuma a fara zuba masa shi kafin hatsi. In harawa ta yi tsada a ƙarshen rani aka rage ta, to a rage sanfulawa da dusa tare da ita, ba a ƙara su don cike gurbi ba.

In aka ƙara gwangwani uku, a janye wani kaso na dawa. Mai ya ninka hatsi ƙarfi fiye da sau biyu, kuma ba ya sa doki zabura da rawar kai irin ta dawa, abin da mahayi zai gode wa in an shiga cunkoson Ƙofar Soro ta fadar Katsina ga bindiga na tashi. In ba a janye dawar ba, ƙiba ce za ta biyo baya. Dokin da wuyansa ya riga ya yi tozo, ko wanda ya taɓa ciwon kofato, ba ya bukatar sanfulawa sam. Haka ɗan dukushin da bai yaye ba.

Wani abu kuma, man sanfulawa kusan duk nau'in omega 6 ne, omega 3 ɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ɗanyar ciyawa ce ke kawo wannan na biyun, shi ya sa da damina babu damuwa. Da rani in akwai fadama ko lambu kusa, dami ɗaya na ɗanya a rana yana da amfani.

Kada a zuba a ƙasa. Ƙwayoyin ƙanana ne, doki zai bi su da leɓe yana haɗiyar rairayi, musamman a ƙasa mai yashi irin ta Daura da Mai'aduwa, yashin kuwa kwanciya yake a hanji. A sa a kwano mai faɗi ko rabin durom. Ruwa ya kasance a gabansa kullum, don da zafi yakan sha lita 40 ko fiye, da gishiri cokali ɗaya zuwa biyu a rana. Buhun a ɗora shi kan katako a inuwa, nesa da bango, kuma a saya na wata ɗaya ko biyu kawai.

Sheƙin gashi kan fara bayyana bayan mako huɗu zuwa shida, cikar jiki ta fi haka jinkiri. In an yi wata biyu haƙarƙari na nan a waje, gashi a tsaitsaye, kada a ƙara gwangwani. A kai kashinsa asibitin dabbobi a duba tsutsar ciki. In kuma doki ya ƙi ci, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana birgima, a kwashe duk abincin da ke gabansa, a riƙa zagayawa da shi a hankali, a kira likita a lokacin, ko da tsakar dare ne.