Yadda ake sauraron kiɗan trip-hop da ambient a daren Jidda

Kunnen Bahaushe baiti yake bi. Ko Shata aka sa, ko mawaƙan Kannywood, jira muke mu ji me mawaƙi zai ce, wa zai wasa, wa zai yi wa zambo. Shi ya sa samarinmu na nan Jidda idan suka ci karo da trip-hop a YouTube, kafin minti guda sun kashe, wai kiɗan zaman makoki ne. To, ba ta ƙofar baiti ake shigarsa ba.

Fara da sanin asalinsa. A Bristol aka ƙirƙiro shi, wani birni mai tashar jiragen ruwa a kudu maso yammacin Ingila, a ƙarshen shekarun 1980. 'Yan asalin Jamaika sun daɗe da zama a can, musamman unguwar St Pauls, da kiɗansu na reggae da dub da manyan lasifikoki. Matasan garin suka gauraya wannan da hip-hop na Amurka, suka rage masa gudu, suka ƙara masa nauyi. Daga wani taron makaɗa mai suna Wild Bunch ne 'yan ƙungiyar Massive Attack suka fito, suka saki kundin Blue Lines a 1991.

Sai kayan ji, kuma a nan yawancin mutane ke faɗuwa. Rabin daɗin kiɗan yana cikin bas, amon nan mai kauri da ke bugun ƙirji, lasifikar waya kuwa ba ta iya fitar da shi sam. Nemi hedfon mai rufe kunne ruf. Gurnanin eyasi yana cinye ƙananan sautuka, kuma ba wanda zai ce maka ka kashe eyasi a Jidda cikin watan Yuli sai maƙiyinka. Lokacinsa bayan isha'i ne, a ɗaki ko a bakin teku na Kornish in an watse. Cikin cunkoson titin Madina da rana tsaka, ɓata lokaci ne kawai.

Ni dai shawarata ka soma da kundin Dummy na ƙungiyar Portishead, na 1994, wanda ya ci kyautar kiɗa ta Mercury a 1995. Zaɓi waƙa ɗaya ka yi ta maimaitawa. A jin farko bi ganga da bas kawai, ka lura yadda bugun yake jan ƙafa. A na gaba kasa kunne ga abin da ke can baya: ƙaras-ƙaras irin na tsohon faifan garmaho, jita mai karkarwa, wani sauti da zai leƙo sau ɗaya ya ɓace. Ƙarar nan da gangan ce. Sun naɗi kiɗansu a faifai, suka shimfiɗa shi a ƙasa suka tattaka don ya tsufa, sannan suka yanko daga ciki. Sai daga baya ka koma kan muryar mawaƙiyarsu Beth Gibbons, kuma ko ba ka jin Turanci babu asara, ka ɗauke ta a matsayin ɗaya daga cikin kayan kiɗan.

Kundin Mezzanine na Massive Attack, na 1998, shi ne mafi duhu, ka bar shi sai kunne ya saba. Akwai siririyar muryar Horace Andy, ɗan Jamaika, a kan bas mai tsoratarwa. Wanda yake cikin damuwa da kaɗaicin zaman nesa da gida, gara ya ɗan jinkirta shi.

Ambient kuma wani abu ne daban: galibi ba ganga, ba amshi. Makaɗin Ingila Brian Eno ya fitar da kundin Music for Airports a 1978, bayan kiɗan da ya ji a filin jirgin Kolon na Jamus ya ishe shi. Nufinsa kiɗan da za ka iya saurara, ka kuma iya mancewa da shi. Don haka kada ka zauna kana jiran ya tashi, ba zai tashi ba. Rage ƙarar, ka ci gaba da guga ko karatunka. In kana da tafiya gida, sauke shi a waya tun kafin ka isa filin jirgin Sarki Abdul'aziz, inda jiran layin awon kaya kaɗai ya isa ka ji kundin daga farko har ƙarshe.