Yadda za ka shiga gasar waƙa ta talabijin a Legas, da shirin da za ka yi wa bayan gasar

Wallahi akwai masu murya cikin yaranmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12, wani yana sauke kwandon tumatur yana rera waƙa sai ka ji ka tsaya cak, amma idan aka fara gasar waƙa ta Nigerian Idol a tashar Africa Magic ka ƙura ido kana neman Bahaushe cikin waɗanda suka kai matakin ƙarshe da wuya ka gani. Abin yana damuna, domin a garin nan ake yin gasar, kuɗin danfo kawai ya raba mu da wurin. Toh ƙanina, ko ƙanwata, in kana da niyya ga yadda ake bi.

Shiga ba wuya. A 'yan shekarun nan Nigerian Idol ta intanet ake fara tantancewa, ka ɗauki bidiyon kanka na daƙiƙa 30 kana waƙa ka ɗora a shafin Africa Magic, shekarunka kuma su kasance tsakanin 16 zuwa 30. Kyauta ne. Duk wanda ya biyo ka WhatsApp ya ce tura kuɗi zai sa sunanka a gaba, ɗan damfara ne, kar ka ko amsa masa. Ka riƙa duba shafukansu na gaskiya saboda ka'ida tana iya canjawa daga shekara zuwa shekara.

Daƙiƙa 30 ɗin nan kar ka raina ta. Ka ɗauka da sassafe kafin maƙwabta su tada janareta, kafin mai markaɗe ya kunna inji, ka fuskanci taga haske ya faɗo a fuskarka, ka goge kyamarar wayar, ka jingina ta da wani abu kar hannun abokinka ya riƙa rawa. Ba kiɗa a ƙasa, ba gyaran murya. Kuma kar ka ɓata rabin lokacin wajen gaisuwa da godiya, ka faɗa kai tsaye cikin baitin da muryarka ta fi fita, mutanen da ke kallo bidiyo ne jibge a gabansu.

Yanzu ga inda yawancin namu ke faɗuwa, kuma dole in faɗi gaskiya. Mun saba da situdiyo, mai fiyano ya haɗa kiɗa a kwamfuta, ka shiga ka yi layi ɗaya a tsaya, a sake, a liƙa, a zuba ototun, wato gyaran murya na kwamfuta, murya ta fito sumul. A gasar nan babu wannan. Makaɗa ne a bayanka suna bugawa kai tsaye, makirfo a hannunka, in ka zame daga kan kiɗan kowa zai ji har wanda ke kallo a Sakkwato. Don haka tun watanni kafin a buɗe rajista ka nemi mai buga fiyano da hannu, a Agege da Mushin samari masu kaɗa wa coci da wuraren biki suna nan da yawa, ka biya shi ɗan abin da ya samu ku riƙa zama ko sau biyu a sati. Shi zai gaya maka kii ɗin, wato matakin sautin, da ya dace da muryarka, ya nuna maka inda kake sauka ƙasa ba ka sani ba. Ranar da za a tambaye ka a wane kii za ka yi waƙar, ka ba da amsa nan take, ba ka tsaya kana susar ƙeya ba. Ka koyi jan numfashi daga ciki ba daga maƙogwaro ba, ka riƙa ɗaukar kanka a waya kana saurare ko da jin zai ɓata maka rai. Ihun gidan kallon ƙwallo ka rage shi, sigari da shisha ka bar su gaba ɗaya, ka sha ruwa sosai ka yi barci.

Zaɓen waƙa kuma sai da dabara. Idan aka shiga matakin kai tsaye, inda ake haska ku a talabijin kuna waƙa nan take, kusan kowane sati da irin waƙoƙin da za a ce a yi, yau na gida, gobe na Amurka, jibi tsofaffi na zamanin iyaye, saboda haka wanda Hausa kaɗai ya iya ba zai yi nisa ba. Ka haddace na Turanci da na Burokin, in ka tashi a Legas ai Yarabanci ma yana bakinka, ka yi amfani da shi. Amma fa kar ka je can ka koma kwaikwayon wani har a rasa gane daga ina ka fito. Masu murya mai daɗi sun yi yawa a layin, abin da kake da shi da ba su da shi shi ne Hausarka da irin karyawar muryarmu. Ka ɗauki waƙar da kowa ya sani, ka yi ta yadda aka san ta, a tsakiya ka saka baiti ɗaya da Hausa, za ka ga alƙalai sun ɗago kai. Mawaƙi Namenj da juya waƙoƙin kudu zuwa Hausa aka fara saninsa a intanet har ya shiga shirin emPawa na mawaƙi Mr Eazi mai tallafa wa sababbin mawaƙa, ka ga ke nan hanya ce da aka taɓa bi ta ɓulle.

In an kira ka tantancewar ido da ido, ka fita da an sallame Asuba, ka san gosulon garin nan ba ya jin uzuri. Ka riƙe katin shaida, ruwa, ɗan abin taɓawa, domin za ka iya wuni a layi a saurare ka na minti ɗaya. Ka tanadi waƙa ta biyu da ta uku don suna iya katse ka su ce yi wata. Takardar da za a ba ka ka sa hannu tun ranar ka karanta ta, yawanci izini kake bayarwa a nuna duk abin da aka ɗauka, har da wanda ka yi kuskure aka yi dariya. Akwai kuma matakin da ake haɗa ku rukuni a ba ku waƙa ku koya cikin ɗan lokaci, nan haƙuri ake gwadawa kamar yadda ake gwada murya, mai son ya danne kowa shi ke fara fita.

Maganar gida kar ka bar ta sai an gan ka a talabijin. Ka je ka durƙusa gaban Baba da Inna ka gaya musu da bakinka, in akwai kawu ko yaya da suke jin maganarsa ka tafi da shi. Ke kuma ƙanwata, tun farko ki faɗa wa masu kula da sutura iyakarki, mayafinki da irin kayan da ba za ki sa ba, cikin ladabi amma ba tare da kwana-kwana ba. Haka lokacin sallah, wanda ya faɗa da wuri ya fi samun sauƙi.

Daga matakin kai tsaye ƙuri'ar masu kallo ce ke ajiye mutum ko ta kore shi, ana jefawa ta shafinsu da manhajar MyDStv da MyGOtv. A nan muna da ƙarfin da ba mu amfani da shi. Ka samu mutum ɗaya amintacce ya riƙe maka TikTok da Instagram lokacin da kake can ciki, ya yi ɗan bidiyo da Hausa yana nuna yadda ake zaɓe, a watsa a guruf-guruf na 'yan kasuwa da 'yan unguwa da na garinku can gida. A teburin mai shayi ma in aka samu yaro ɗaya da ya iya, zai koya wa kowa.

Sai babbar magana, wadda saboda ita na zauna rubutun nan. Cin gasa daban, zama mawaƙi daban. Timi Dakolo ya ci gasar Idols West Africa a 2007, Omawumi ta zo ta biyu, kuma duk su biyun sun yi suna. Iyanya ya ci gasar Project Fame ta farko a 2008 amma sai da ya shafe shekaru, ya sauya salo daga waƙoƙin sanyi zuwa na rawa, kafin ƙasa ta ɗauka. Mercy Chinwo ta ci Nigerian Idol a 2012, sai wajen 2018 waƙoƙinta suka cika gari. Johnny Drille da Niniola sun shiga Project Fame a 2013 babu wanda ya ci a cikinsu, shi Johnny ya koma yana haɗa kiɗansa da kansa yana sakewa har kamfanin waƙa na Mavin ya ɗauke shi a 2017. Chike na biyu ya zo a gasar The Voice Nigeria a 2016, kundinsa na farko sai 2020. A gefe guda akwai waɗanda suka ɗaga kofin, aka ba su mota, yau in ka ambaci sunansu sai an yi tunani. Ita kanta Project Fame ɗin tun bayan 2016 aka daina ta. Gasa kamar ranar kasuwa ce, jama'a sun taru sun gan ka, in ba ka zo da kayan sayarwa ba sun watse ke nan.

Kayan sayarwar su ne waƙoƙinka na kanka. A gasa waƙoƙin wasu kake rerawa, ba za su ciyar da kai ba. Kafin ka tura bidiyon farko ma ya kasance kana da waƙoƙi uku ko huɗu da ka rubuta, aƙalla ɗaya an gama aikinta tsaf tana jira, domin satin da aka cire ka ko ka ci, satin ne mutane suka fi neman sunanka a waya, bayan 'yan watanni hankali ya koma kan wasu. Sai dai ka duba takardar da ka sa wa hannu ko ta hana ka sakin waƙa na wani lokaci.

Kyautar ma ka fahimce ta. A 2022 da Progress ya ci Nigerian Idol an ce kyautar ta kai naira miliyan 100, amma tsabar kuɗin ciki miliyan 30 ne, sauran mota ce da kwantiragin ɗaukar waƙa da wasu kayayyaki. Kuɗi ne mai yawa, amma bidiyo mai kyau da tallata waƙa a Legas suna cin kuɗi kamar me, ga 'yan'uwa kowa ya ji an ce miliyan ɗari. Ka ware na aiki tun kafin a fara layi a ƙofar gida.

Kwantiragi kuwa, don Allah kar ka sa hannu sai lauyan da ya san harkar waƙa ya karanta, ba lauyan kamfanin ba, naka. Ka tambaya shekara nawa ne, wa ya mallaki asalin waƙar bayan an ɗauka, kashi nawa ne naka, kuɗin da suka kashe a kanka bashi ne da za a cire kafin ka ga sisi ko kuwa, in sun ajiye ka ba su saki komai ba ta yaya za ka fita. Haka tsakaninka da furodusa, ranar da aka yi waƙa ranar za a rubuta kason kowa a takarda a sa hannu, tun ana dariya.

In babu kamfanin da ya ɗauke ka, ba a rufe maka ƙofa ba. A manhajar sauraron waƙa ta Audiomack kai da kanka za ka ɗora, su Spotify da Boomplay da Apple Music kuma ta hannun masu rarrabawa irin DistroKid ko TuneCore ake bi, ka buɗe da sunanka da imel ɗinka, kar wani manaja ya riƙe maka lambar sirri. Ka yi rajista da MCSN, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar mawaƙa, saboda kuɗin da ake karɓa idan an sa waƙa a rediyo da wuraren taro. Sana'ar da kake yi, ɗinki ne ko shago ko gyaran waya, kar ka sake ta da wuri, ita za ta biya situdiyo. Bikin Hausawa a Legas ba ya yankewa, ka karɓi gayyata ka je da mai fiyanon nan naka, ka sa a ɗauki bidiyo, ka faɗi kuɗinka tun kafin ranar kuma ka karɓi rabi a hannu.