Yadda Ake Sassaƙa Fuska a Katako Irin Ta Masu Zanen Dresden

A 1905 wasu ɗalibai huɗu masu karatun zanen gine-gine a birnin Dresden na Jamus suka kafa ƙungiyar Die Brücke, ma'ana Gada. Cikinsu akwai Ernst Ludwig Kirchner da Erich Heckel. Kyan fuska bai dame su ba, abin da ke cin ran mai fuskar suke so ya fito fili. Katako suka riƙa, suna sassaƙa hoto a kansa su buga shi a takarda, har takardar manufarsu ta 1906 ma a katako Kirchner ya sassaƙa ta.

Da farko ka samu allon katako mai laushi, amma kada ka goge shi ya yi sumul. Jijiyoyin itacen nan da za su fito a takarda suna daga cikin armashin aikin.

Zaunar da wanda za ka zana, ka zana shi da gawayi a kan allon kai tsaye. Yi sauri. Su a Dresden minti 15 kacal suke ba wa zama ɗaya, don kada hannu ya tsaya yin kwalliya. Ka tuna kuma aikin kamar hatimi ne: abin da ke dama zai koma hagu.

Sassaƙar ita ce wurin natsuwa. Duk inda wuƙa ta ci zai fito fari, inda ka bari zai fito baƙi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Fara da goshi da karan hanci da ƙashin kunci, inda haske ke sauka. Bar ramin idanu da duhunsa. Ni a nan nake ganin sababbin hannu na ɓata aiki, sai su yi ta kankare gefen yanka don ya daidaita. Ƙyale shi da kaifinsa! Dubi hoton mutumin da Heckel ya buga a 1919, hannaye haɗe kusa da haɓa, goshi ya yi tsawo fiye da kima. Wannan karkacewar ce ke nuna gajiyar wanda ya ga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kuma kullum wuƙa ta riƙa tafiya gaba, nesa da hannun da ke riƙe da allon.

Sai ka shafa tawadar bugu sama-sama, ka ɗora takarda, ka murza bayanta da bayan cokali. Ɗaga kusurwa ɗaya ka leƙa kafin ka cire ta duka. Inda tawada ba ta kama ba, mayar ka ƙara murzawa.