Rahoton likita kan wanda aka ci zarafi: rubuta abin da idonka ya gani

Ranar farko da na tsaya gaban alƙali kan rahoton da na rubuta, lauyan wanda ake tuhuma ya ɗaga takardar ya ce, "Likita, kin rubuta raunuka da yawa. Guda nawa ne? A ina?" An yi watanni, na kasa tunawa. Matar da mijinta ya lakaɗa wa duka tana zaune tana kallona. Tun daga ranar na sake hannu.

Magani ne farko, takarda ta biyo baya. In fyaɗe ne, maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28, na hana ɗaukar ciki kuma cikin awa 120. Kada a tsaya jiran takardar 'yan sanda.

Sannan a nemi yardarta, a fitar da dangi, musamman wanda ya kawo ta in shi ke amsa tambaya a madadinta. Ina cewa, "Baiwar Allah, duk inda kika ce in tsaya, zan tsaya." A rubuta kwanan wata, lokaci, da sunan ma'aikaciyar jinyar da ke ɗakin.

Labarinta a ɗauke shi da kalmominta. In ta ce "ya shaƙe ni har na ga duhu", haka nake sa shi da Hausa, fassarar Turanci a ƙasa. Kada a gyara mata zance.

Wurin rauni ne aikin yake. Kowanne da lambarsa: a wane sashe, hagu ko dama, tsawo da faɗi da sentimita, siffarsa, launinsa. Ƙujewa daban, yankan wuƙa mai santsin baki daban, fashewar fata daga dukan sanda daban. A zana su a hoton jiki. In ta yarda a ɗauki hoto, a sa rula a gefe. Fatarmu baƙa tana ɓoye taruwar jini, don haka a samu haske sosai, a taɓa, a duba bayan kunne, cikin leɓe, wuya da bayan hannu inda mutum ke kare kansa. Kuma kada ka ƙiyasta kwanakin rauni daga launinsa, ba ya tabbata. Tufafinta a ambulan ɗin takarda ake sa su, leda na tara laima ta lalata shaida.

Abin da ya fi damuna shi ne hukuncin da wasunmu ke yankewa. "An yi fyaɗe" ko "ba a yi ba" maganar kotu ce. Ƙa'idojin Istanbul na 1999, da aka tsara don binciken azabtarwa, sun nuna hanya: ka faɗi ko raunin bai dace da labarin ba, ko ya dace, ko ya dace ƙwarai. Rashin rauni ba ya ƙaryata ta, a rubuta haka ƙarara. Batun "budurwa ce ko ba budurwa ba" kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa gwajin ba shi da tushe a kimiyya. Kada ya shiga rahotonka ko da uba ya matsa.

In ka yi kuskure, ja layi ɗaya a kai ka sa hannu, kada ka goge. Cikakken suna, sa hannu da hatimi a kowane shafi. Kwafi ɗaya a kulle a asibiti, kuma ba a miƙa shi ga miji ko dangi don kawai sun nema.