Kurakuran da ake yi da haruffan italik a alluna da katunan biki a Yamai

Ka bi ta kasuwar Wadata ko ta Katako ka ɗaga kai ka duba allunan shaguna. Da yawansu an rubuta su da haruffan nan masu kishingiɗa da ƴan ƙafafu, irin na alƙalami, waɗanda ake kira italik. Kyau kam akwai shi, karantawar ce aiki.

Babban kuskure shi ne rubuta suna gaba ɗaya da manyan baƙaƙe. A zubi, wato salon haruffan kwamfuta, irin Monotype Corsiva ko Zapf Chancery, wanda Hermann Zapf ya zana aka fitar a 1979, babban baƙi yana da jela, an yi shi ne don ya ja ƙananan da ke bayansa. In ka jera su shida, jela ta hau jela, mai wucewa a kan babur ba zai gane ko tela ne ko mai gyaran salula ba. Ai ko italik na farko, wanda Francesco Griffo ya sassaƙa wa mai buga littattafai Aldus Manutius a Benis ta ƙasar Italiya a 1501, ƙananan ne kaɗai suka kishingiɗa, manyan a miƙe suke. Babba ɗaya a farkon kalma ya wadatar.

Wanda ya fi ci mini rai kuwa na ƙugiya ne. Yawancin waɗannan zubi, da masu kwamfuta a nan ke ce wa "polis" (ba ɗan sanda ba), ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Sai kwamfuta ta aro harafin daga wani zubi, ka ga "ɗaurin aure" a kati da ɗ ɗinsa a tsaye ƙiƙam kamar baƙon da ba a gayyata ba. Wani kuma ya cire ƙugiyar ya huta, ƙofa ta koma kofa. Kafin ka zaɓi zubi, buga haruffan huɗu, manya da ƙanana, ka gani. Gentium da Noto Serif suna da su, har a italik ɗinsu.

Akwai kuma italik na jabu. In zubi ba shi da nasa, ka danna maɓallin I, kwamfuta ture haruffan kawai take yi. Duba f: a na gaske yakan sauko ƙasan layi da jela.

Lambar waya, ranar biki da unguwa, bar su a miƙe. Sunan ango da amarya ne ya cancanci ado.

A allo kuma siraran layukan ne ke fara ɓacewa in rana ta ci fenti, ƙurar hunturu ta rufe sauran. Ɗauki mai kauri, ka buga gwaji a takarda, ka manna a bango, ka tsallaka titi ka karanta kafin a biya mai fenti.